Sa Hannu Biyu Kafin Ƙarfe Huɗu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Yau wani dattijo ya zo ofis da jakar leda cike da takardu. Ba a saba zuwa mana da ƙafa ba. Aikinmu rajistar sunayen shafukan intanet ne da rabon lambobin adireshi, waɗanda kowace na'ura ke buƙata kafin ta yi magana da wata, kuma kusan komai ta imel yake zuwa. Mu uku ne a sashen: ni, da Anti da ke teburin gefena, da shugaban sashe, wanda a bayan idonsa ake ce wa Mai Agogo saboda ba ya gama jimla bai duba hannunsa ba.

Dattijon ya ce shi injiniya ne, shi yake kula da na'urorin ƙananan asibitocin karkara guda sha huɗu. Ya ce ya duba rajistar da kowa ke iya gani, sai ya tarar an rubuta a kan lambobinsu cewa ana kan canja mai su. Ya ce, "'Yata, wa ya nema? Ni dai ban nema ba, kuma duk waɗanda za su iya nema, biyu sun rasu, ɗaya ba ya gane 'ya'yansa."

Ya miƙo mini lambar fayil ɗin a bayan wata takarda. Ban buƙaci kwamfuta ba. Ni na amince da buƙatar, ranar Talata 21 ga watan jiya, ƙarfe 11:20. Anti ta sa hannu na biyu.

Na ce masa za a duba. 

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Na karanta fayil ɗin sau uku.

Lambobi 65,536 ne, jere ɗaya, an ba wata ƙungiyar asibitocin karkara shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin da ake bayarwa hannu sake. Yanzu irinsu sun ƙare a duniya, ko'ina nemansu ake yi. Wani kamfani ya rubuto cewa ƙungiyar ta sallama masa su. Sashe na 12 na ƙa'idarmu ya ce a aika saƙon tabbatarwa zuwa imel ɗin mai lambobi da ke cikin rajista. In ya amsa da e, a amince. Na aika. An amsa cikin minti arba'in. Na amince.

Canjin ba ya tabbata sai bayan kwana talatin. Na lissafa: Alhamis 20 ga wannan wata, ƙarfe huɗu na yamma. Daga nan ba ya dawowa.

Na bi ƙa'ida.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Na sake karantawa. Na bi ƙa'ida.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 6:05 na yamma

Dattijon ya ce ƙungiyar ta rushe tun shekara tara. To wa ya amsa mini imel cikin minti arba'in?

Wannan tambayar ta hana ni cin abincin rana. Ina da ɗan littafin da nake rubuta duk aikin da ya bi ta hannuna tun ranar da na fara. Anti tana yi mini dariya a kansa, tana ce mini Lauya. Na koma baya shafi shafi.

Wata huɗu da suka wuce, a watana na biyu, wani kamfani ya nemi rajistar wani tsohon suna da wa'adinsa ya ƙare. Sashe na 7 ya ce sunan da ya wuce kwana casa'in ba a sabunta shi ba, na duk wanda ya fara nema ne. Ni na yi masa rajistar. Sunan tsohon shafin ƙungiyar ne. Wanda ya riƙe suna, shi yake karɓar duk imel ɗin da aka aika ƙarƙashin sunan.

Wato da hannuna na ba shi akwatin wasiƙar ƙungiyar, sannan bayan wata uku na aika wasiƙa cikin akwatin ina tambaya ko ƙungiyar ta yarda.

Sunan kamfanin farko daban, na biyu daban. Lambar wayar da ke kan takardun biyu ɗaya ce. Na duba lamba lamba, sau huɗu, da yatsa a kan allo.

Babu wanda zai ga wannan sai wanda ya yi aikin biyu. Ni na yi su.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Umma tana ninke wanki ta ce maƙwabciya ta sake tambayarta aikin da nake yi, ita kuma ta rasa amsa. Ta ce, "'Yar wance malamar jinya ce, an ga fararen kaya. Ɗan wane yana banki, an ga gini. Ke kuwa na ce kina rubuta sunaye, sai ta ce na jarirai?"

Yaya ya ce, "Ki ce mata mai gadin iska ce. Ba a ganin abin da take gadi, amma ana biyanta."

Na yi dariya daidai gwargwado. Umma ta ce wata rana dai in nuna mata wani abu da za ta gani da idonta, ta ce wannan aikin 'yata ne. Sannan ta tambayi takardar tabbatar da ni a aiki. Na ce ƙarshen wata, in wata shidan gwaji sun cika.

Ta ce na rame. Na ce zafi ne.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na gaya wa Anti, a ɗan lungun da muke dafa shayi. Na jera mata komai da kwanan wata. Ta bar cokali a cikin kofi tana kallona.

Ta ce, "Lauya, wa kuma kika gaya wa?"

Na ce babu.

Na ce akwai sashe na 15. Kafin kwana talatin su cika, ma'aikaci na iya dakatar da canji in ya rubuta dalili a fom, wani ma'aikacin sashen ya sa hannu na biyu. Daga nan fayil ya tafi gaban kwamitin amintattu, ya fita daga hannun sashe gaba ɗaya.

Ta ce, "Ƙarasa karatun. Me sakin layi na ƙarshe ya ce?"

Na san abin da ya ce. Duk ma'aikacin da sunansa ke cikin fayil ɗin za a ɗauke shi daga aiki har a gama bincike.

Ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ina wannan wurin. Tun muna rubuta sunaye a kati. Wata bakwai ya rage mini in tafi da mutuncina. Ni ban karanta takardar nan ba, ke kin sani. Tun da kika zo na daina karantawa, don na ga idonki ya fi nawa." Ta ɗauki kofin, ta ajiye ba ta sha ba. "Ke kuma ko kujerarki ba ta gama ɗaukar zafinki ba."

  Ta wanke kofin da shayin a ciki.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Na shiga wurin Mai Agogo ƙarfe 10:05, na fito 10:12.

Ya saurare ni har ƙarshe, wannan gaskiya ne, dole in rubuta. Sai ya ce, "Rajistar sunan, kin bi ƙa'ida?" Na ce na bi, Yallaɓai. "Canjin lambobin fa?" Na ce na bi. Ya buɗe hannuwansa. "To mene ne matsalar? Mu ba kotu ba ne. Wanda yake ganin an cuce shi ya san hanyar kotu."

Na ce kotu ba za ta zauna kafin ranar 20 ba.

Ya duba agogo. Ya ce lambar waya ɗaya ba hujja ba ce, lauya ɗaya na iya yi wa kamfani goma aiki. Wannan ma gaskiya ne. Sannan ya ɗaga wata takarda daga gefen teburinsa, ya ce takardar tabbatar da ni ce, ya ji daɗin aikina, sa hannu kawai ta rage. Ya mayar da ita inda take, ya ɗora abin danne takarda a kai, kusa da koren bironsa.

Abin da ban gane ba: ban faɗi adadin lambobin ba, amma da zan fita ya ce, "Dubu sittin da biyar ɗin nan ai zaune suke kawai." Wataƙila ya karanta fayil ɗin. Shugaba ne, yana da damar karantawa.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 3:20 na yamma

Na je ɗauko takarda a ɗakin firinta, na ɗaga tarin tsofaffin takardun da ake juyawa a yi amfani da bayansu. Na ga wani abu. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na mayar da shi yadda yake, na wanke hannuna, ban san dalili ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Baba Injiniya ya dawo. Mai gadi ya ce an ce kada a bar shi ya hau sama, sai na sauka na same shi a bencin ƙofa, jakar ledar a kan cinyarsa.

Ya nuna mini takardar rushe ƙungiyar. Shafi na uku ya ce kayan sadarwa da lambobi sun koma hannun asibitocin. Babu wanda ya kawo mana wannan takardar a shekara tara. Ya ce, "Laifina ne. Ina can ina hawa tsani ina gyaran waya, ban san takarda ma tana son a duba lafiyarta ba."

Na tambaye shi abin da zai faru ranar 20. Ya ce daga cikin dubu sittin da biyar ɗin, ɗari tara da 'yan kai kawai suke amfani da su. Amma ta kansu ne asibitocin ke aika sakamakon gwajin jini zuwa babban ɗakin gwaji, likita ya duba, amsa ta dawo a yini ɗaya. In lambobin suka tashi, layin ya mutu. Na'urorin tsofaffi ne, sai ya je kowace da ƙafarsa ya sake mata lamba. Ya ce in jiki ya yarda, wata huɗu. Kafin nan a koma tura jini a babur, kwana uku zuwa, kwana uku dawowa.

Na ce, "Baba, ba ka da mai taimako?"

Ya yi dariya. "Ina da gwiwa biyu, ɗaya ta yi ritaya ba ta sanar da ni ba."

Sannan ya ce, "'Yata, ke dai ki taimaka ki gano mini wanda ya sa hannu. Ba faɗa zan yi ba. So nake in nuna masa shafi na uku."

Na ce za a duba.

Sau biyu ke nan ina gaya masa haka.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 9:10 na safe

Abin da na gani a ɗakin firinta jerin tsofaffin lambobin da ba a taɓawa ne, an ja koren layi a ƙarƙashin na ƙungiyar. Jerin ba ya fita daga ofis, ofishi ɗaya ke buga shi. Kwanan watan da ke ƙasan takardar ya riga rajistar sunan da mako biyu. Mutum ɗaya na sani da ke ja layi da koren biro.

Na ce ba zan rubuta ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Na buga fom ɗin sashe na 15, kwafi biyu. Gurbin dalili layi shida ne kawai. Na yi gwaji a littafina sau tara. Duk wanda na rubuta da "an yi" da "an amince" sai ya shige cikin layi huɗu, ya zauna lafiya. Da na sa "na yi" sai hannuna ya yi nauyi.

Koren biro ba zai shiga ba. Ban san abin da na gani ba, na san dai abin da na yi. Kwamiti na da idonsa.

Na ajiye kwafi ɗaya, ba a cike ba, a gefen teburin Anti. Ta ɗora jakarta a kai. Yini guda ba ta ce mini Lauya ba, sai "ke".

Saura kwana uku.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Umma ta sa an ɗinka mini sabuwar riga ta ranar karɓar takarda. Shuɗiya ce. Ta yi mini daidai.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Anti ta ce gobe ba za ta zo ba, tana da ganin likitan ido. Ta faɗa wa allon kwamfutarta, ba ni ba. Fom ɗin ba ya kan teburin.

Mu uku ne a sashen. In ba ita ba, sai shi.

Ban yi fushi da ita ba. Na gwada, bai zo ba. Wata bakwai. Ni na kai mata takardar ranar 21, na ce mata, "Na duba komai, Anti." Haka na ce.

Na bi ƙa'ida. Na rubuta shi yanzu don in ga ko har yanzu yana aiki. Ba ya yi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 8:25 na safe

Kujerar Anti babu kowa. Mai Agogo ya leƙo ya gaishe ni da fara'a, abin da bai taɓa yi ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 5:35 na yamma

Zan rubuta a jere don kada in manta.

Ƙarfe 2:50 na buɗe aljihun teburina na ƙasa, inda nake ajiye littafina. Fom ɗin yana ciki, a ninke biyu. Gurbin dalili babu komai. A ƙasa, wurin hannu na biyu, ga sa hannun Anti da kwanan watan yau.

Na zauna ina kallonsa kusan minti goma. Ta sake sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Haka muka shiga wannan ramin tun farko.

Na cike layi biyar da rabi. Ƙarfe 3:15 na fita matattakala na kira ta. Ina jin hayaniyar asibiti a bayanta.

Ta ce, "Ba na sa hannu ba? Me kuma kike so, jinina?"

Na ce, "Anti, sashe na 15 ya ce mai hannu na biyu ya san abin da ke ciki. Zan karanta miki."

"Lauya, Allah ya shirye ki. An ɗiga mini magani a ido, ko hannuna ba na gani."

"Kunne zai yi."

Na karanta mata kalma kalma. Cewa ni na yi rajistar sunan ranar kaza. Cewa ni na aika saƙon tabbatarwa zuwa imel ɗin da ke ƙarƙashin wannan sunan. Cewa lambar waya ɗaya ce. Cewa asibitoci sha huɗu na amfani da lambobin, kuma akwai takarda mai shafi na uku. Ban sa sunanta a cikin dalilin ba.



Ta ce, "Saura wuri?"

Na ce rabin layi.

"Rubuta: mai hannu na biyu ta sa hannu ranar 21 ba ta karanta ba."

Na ce, "Anti, ba dole ba ne."

"Ke kika koya mini dole yau? Rubuta. In za a kore ni, a kore ni a kan abin da na yi, ba a kan abin da yarinya ta rufa mini ba. Ya shiga?"

Ya shiga, da ƙananan haruffa.

Ta ce, "To tafi, kina ɓata lokaci da surutu."

Na ɗauki hoton fom ɗin a na'ura, na tura wa kwamiti ta hanyar da ƙa'ida ta ce. Ƙarfe 3:41. Ƙarfe 3:42 rajista ta canja daga "ana kan canja mai su" zuwa "an dakatar". Ƙarfe huɗu ta buga ina zaune, hannuwana a ƙarƙashin cinyata. Babu abin da ya motsa.

Ƙarfe 4:06 Mai Agogo ya fito daga ofishinsa da waya a kunne. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Bai duba agogo ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe

Katina bai buɗe ƙofa ba. Mai gadi ya ba ni ambulan, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya rubuta. An ɗauke ni daga aiki har a gama bincike. Maganar tabbatarwa an jingine. Babu kwanan wata.

Littafina yana jakata. Kwamiti zai nema.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Na kira Baba Injiniya. Na ce, "Baba, wanda kake nema ya ga shafi na uku. Ni ce."

Ya ce, "Na sani tun ranar farko. Kin karanta lambar fayil ɗin ba ki buɗe kwamfuta ba." Ya ce safiyar yau sakamako talatin da bakwai sun wuce lafiya. Ya ce Litinin zai kai wa kwamiti takardunsa, in gwiwa ta sa hannu na biyu.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Na gaya wa Umma. Na fara da ambulan don kada in ja ta da nisa. Ta zauna a bakin gado. Rigar tana rataye a bayan ƙofa, babu wanda ya kalle ta a cikinmu.

Ta ce, "Za su mayar da ke?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan.

Sai na buɗe rajistar a wayata, wadda kowa a duniya zai iya buɗewa. Na nuna mata jeren lambobin. Na nuna mata inda aka rubuta an dakatar. A ƙasa akwai layin da ke faɗin wanda ya taɓa rajistar a ƙarshe, ba a sa suna, sai lambar ma'aikaci. Na ce, "Wannan 0417 ɗin ni ce."

Ta sa tabarau. Ta kai wayar kusa, ta kai nesa. Ta tambayi abin da lambobin ke yi, na gaya mata zancen jinin da babur. 

Sannan ta ce, "Bar mini shi a buɗe. Kada ki kashe."

Ta yafa mayafi, ta fita da wayata a hannu. Ina jin ta tana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya.